Aikin lezarmu a sararin Kano, daga hunturu zuwa bazara

10 ga Nuwamba, 2024

Ga abin da muke son yi a taƙaice. Gini biyu ne, tsakaninsu mita 800 in an auna a taswira, ana hango juna tas babu bishiya babu eriya a tsakani, muna so mu tura intanet daga wannan rufin zuwa wancan ba tare da an haƙa rami an binne wayar gilashi ta fayiba ba, kuma ba da rediyo ba, da hasken leza kawai ta cikin iska. Abun ba sabo bane, tun 1880 Alexander Graham Bell ya tura murya a kan hasken rana nisan mita 213 a Washington. Abin da ni ya dame ni shi ne tambaya ɗaya: in ka sa amfilifayar haske, wato na'urar da take ƙara wa haske ƙarfi, a wannan hanya, me take gyarawa kuma me ba za ta taɓa gyarawa ba, musamman a garin da rabin shekara ƙura ce rabin kuma rana ce mai narka kwalta.

Kayan da ke hannu yanzu: suwic guda biyu, wato akwatin da yake raba intanet, masu ramin SFP, ɗan abin nan da yake mai da saƙon lantarki haske ya kuma karɓe shi, da SFP na gigabit ɗaya masu haske a nanomita 1550, wato lambar launin hasken, irin wanda ake cewa yana kai kilomita 80 a fayiba, da kolimeta wato gilashin da yake miƙar da hasken in ya fito daga fayiba, da gilashin karɓa mai faɗin santimita 10, da mitar auna haske ta hannu irin ta masu jona fayiba. Amfilifayar EDFA ce tana hanya. Wanda bai san ta ba, guntun fayiba ne na 'yan mitoci da aka cuɗa da sinadarin erbiyom, sai a haska masa wata leza ta daban da ake kira famfo a nanomita 980 ko 1480, sinadarin ya cika da ƙarfi, to duk hasken da ya ratsa tsakanin 1530 zuwa 1565 sai ya fito ya ninka ba sai an mai da shi lantarki ba. A 1987 mutanen David Payne a Jami'ar Southampton suka fito da ita, su Emmanuel Desurvire ma a Bell Labs suna kan abun a daidai lokacin, kuma ita ce ta sa wayoyin ƙarƙashin teku suka zama abin da suke yau. Dalilin da ya sa muka zaɓi 1550 kenan, don yawancin kayan dogon zango na kamfanonin waya a nan suke, ana samun na hannu da araha.

Lissafin da na yi a takarda: in hasken ya buɗe miliradiyan ɗaya, wato yana ƙara faɗin milimita ɗaya a kowace mita, kafin ya isa can faɗinsa ya kai santimita 80, gilashinmu kuma 10 ne, wato kashi ɗaya cikin 64 kawai muke kamawa, asarar dB 18 kenan (dB shi ne ma'aunin raguwa ko ƙaruwar ƙarfin haske) tun iska ba ta ce komai ba. Za a iya matse shi ya fi haka siriri amma sai saiti ya gagara, don gini ma motsi yake in rana ta dake shi.

24 ga Nuwamba

Saiti. Kai, wannan shi ne wahalar da ba a rubuta ta a takardun bincike. Hasken 1550 ido ba ya ganinsa, kyamarar waya ma ba ta gani don silikon ɗin da ke ciki yana tsayawa ne wajen 1100, saboda haka ba maganar ka ɗaga waya ka leƙa. Abin da muka yi, muka jona biron nan mai jan haske da ake neman karayar fayiba da shi, muka jira bayan magariba, abokin aikina yana can da farin kwali a hannu ni ina nan ina murɗa noti, muna waya, hagu kaɗan, ya wuce, dawo, tsaya tsaya, haka dai har jan ɗigon ya hau kwalin. Baba mai gadin can ginin ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce to ku yanzu wannan jan abun ne zai kawo muku intanet ɗin? Abokina ya ce masa a'a Baba wannan ɗan jagora ne, na gasken ba a ganinsa. Ya ce to Allah ya taimaka, ya koma bencinsa.

Sai dai gilashi ba ya lanƙwasa jan haske da na 1550 daidai wa daida, inda ja yake taruwa daban inda wancan yake taruwa daban, don haka bayan an samu hanya da ja sai an sake matsar da bakin fayibar a hankali ana kallon mita har lamba ta daina hawa. A ɓangaren karɓa yanzu fayiba mai faɗin ciki muka sa, ta maikuron 62.5 (maikuron dubu su ne milimita ɗaya), don ita tana da haƙuri. Da daddare fitilar suwic ta kama, ping, ɗan saƙon gwajin da ake turawa a ga ko zai dawo, yana tafiya lafiya lau. Da rana kuma yana yi yana yankewa, musamman in hantsi ya ɗaga aka doshi azahar.

8 ga Disamba

Amfilifaya ta iso. Irin ta masu talabijin na waya ce, tana fitar da dBm 20, wato miliwat 100, kuma tana son a ba ta haske mai ɗan ƙarfi a shiga, don haka wurinta ɓangaren turawa, tsakanin SFP da kolimeta. SFP ɗin yana ba da wajen miliwat ɗaya zuwa uku, yanzu muna harba ɗari, an samu ƙarin dB 15 zuwa 20 kenan a aljihu.

Abu biyu da ya kamata duk mai son taɓa wannan ya sani. Na farko ido. Ana cewa 1550 ba ya cutar da ido, to gaskiyar ita ce duk hasken da ya haura 1400 ruwan da ke gaban ido yana shanye shi kafin ya kai can bayan ido inda gani yake, shi ya sa ƙa'idar kiyaye haɗarin leza ta IEC 60825 ta yarda da wajen miliwat 10 a aji na ɗaya, wato ajin da ba ya cutarwa. Amma ɗari ba goma ba ce, in ka kara ido a bakin konekta zai ƙona maka gaban ido kuma ba za ka ƙifta ba tunda ba ka ga komai ba. In ya buɗe ya kai faɗin faranti ba matsala, a bakin fayiba ne haɗarin yake. Mun sa doka, ba a cire konekta sai an kashe famfon lezar, kuma an sa kwaɗo a ƙofar hawa rufin.

Na biyu ƙura. Miliwat 100 a cikin tsakiyar fayiba mai faɗin maikuron 10 ya haura kilowat 100 a kowane murabba'in santimita, ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna a bakin sai ta ƙone ta manne ta lalata fuskar gilashin har abada. A Kano kuma a Disamba! Yanzu ba a jona komai a sama, a ɗaki ake goge konekta a duba a jona sannan a hau da shi a rufe. Duk konektocin da ke kusa da amfilifayar kuma koraye ne masu yankan digiri 8, ba shuɗaye ba, saboda shuɗin yana dawo da haske baya ita kuma ba ta son haka sam, hayaniyarta ƙaruwa take.

Can ɓangaren sai da muka sa mai rage ƙarfi kafin SFP, don da asuba in gari ya yi garau hasken yana yi masa yawa.

22 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai makon nan, irin wanda rana take zama kamar farin wata, hasumiyar da muke hangowa kullum daga rufi ta ɓace. Wannan ƙurar yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska take kwaso ta, kuma na koma bin sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, kullum don su ne suke faɗin nisan da ido zai iya gani, ni kuma wannan lambar nake sawa a lissafi. Akwai ƙa'idar Kim da ake amfani da ita: in ana gani har kilomita 10 asarar ba ta kai rabin dB a kilomita ba, in ya sauko kilomita 2 ta zama dB 4 da ɗoriya, a kilomita ɗaya wajen 10, in ya kai mita 500 kuwa 34 ne. An gina ƙa'idar a kan hazon ruwa irin na ƙasashen sanyi, namu busasshen gari ne na ƙasa, don haka ina ɗaukarta a matsayin jagora kawai ina kwatantawa da abin da mita ta nuna.

A nan ne fa amfilifayar ta biya kuɗinta. Mun gwada cire ta a ranar da hazon ya fi kauri, hanya ta mutu murus, muka mayar ta dawo. Kuma ba abin mamaki bane, asarar ƙura asara ce mai nutsuwa, tana hawa a hankali cikin awanni tana sauka a hankali, in an ci maka dB 10 ka ƙara 15 shi kenan magana ta ƙare. Wani abun da na lura kuma, ranakun hazo mai kauri hasken ya fi zama wuri ɗaya ko da tsakar rana, don ƙurar ta tare rana rufin kwanon mutane bai yi zafi sosai ba. Ga rauni amma ga kwanciyar hankali.

Gilashin gaba dai kullum sai an goge. Mun sa masa bututun roba dogo a gaba kamar hanci, ya rage.

5 ga Janairu, 2025

Ba wani ci gaba. Mai walda ya sake mana ƙafar ƙarfen, an ɗaure ta a ginshiƙin kankare maimakon jikin tankin ruwa, don tankin in ya cika daban in ya ragu daban, saitin yana bin sa. An haɗa amfilifayar da inbata saboda ɗauke wuta, ba na son famfon lezar yana mutuwa yana tashi ba gaira ba dalili.

26 ga Janairu

Yanzu aka zo ainihin abin da malamina yake so a gwada, wato amfilifaya ta biyu a ɓangaren karɓa, wadda aka ƙera don haske mai rauni. A ka'ida abun daɗi ne. SFP ɗinmu a takardarsa yana ji har zuwa dBm 24 ƙasa da sifili (duk sanda lambar ta ƙara nisa ƙasa da sifili hasken ya ƙara rauni kenan), amma mai karɓa da aka sa wa EDFA a gaba iyakarsa a lissafi ƙwayar haske 38 ce ga kowane bit, wato ƙwayar saƙo ɗaya, a gudun gigabit wajen 52 ƙasa da sifili kenan. Ba mai kaiwa can a zahiri, amma ko rabin tazarar ka samu ai ka gode Allah.

Muna kunnawa sai SFP ya nuna yana samun haske mai yawa alhali mun toshe gilashin da kwali. To wannan ita ce hayaniyar amfilifayar kanta. Kamar lasifikar masallaci ce in an ƙure ta ba mai magana, za ka ji tana shuuu ita kaɗai. Erbiyom ɗin da aka cika da ƙarfi ba ya jira sai sigina ya zo, wani yana sakin haskensa haka kawai, wannan kuma sai ya bi fayibar a ninka shi shi ma. Na zauna na lissafa: ninki dubu wato dB 30, da ma'aunin hayaniya dB 5 wanda shi ne na kasuwa tunda ko a ka'ida ba a sauka ƙasa da 3, in ka bar duk faɗin nanomita 35 ɗin ya wuce hayaniyar kaɗai ta kusa miliwat 2, ta wuce abin da SFP zai iya ɗauka. In ka sa filta, wato matacin launin haske, mai faɗin gigahaz 100, wato nanomita 0.8, sai ta sauko wajen maikurowat 40. Bambancin ya fi ninki arba'in.

Amma filta siririya tana buƙatar leza mai tsayawa wuri ɗaya, shi kuma SFP na gama-gari launinsa yawo yake da zafi da sanyi, da safe yana cikin filta da rana ya fice. Dole muka nemo SFP na DWDM, irin na jera launuka da yawa a fayiba ɗaya, mai sanyaya kansa, tasha ta 34, terahaz 193.4 wato nanomita 1550.12, da filtar da ta dace da shi. Kuɗi dai sun ƙara fita. A kan tebur da fayiba da mai rage ƙarfi abun ya yi kyau ƙwarai, mun rage haske har inda SFP shi kaɗai ya daɗe da kurmancewa amma da amfilifayar ping bai faɗi ba.

16 ga Fabrairu

An hau da ita rufi, kuma a nan ne labari ya canza.

EDFA fayibarta mai hanya ɗaya ce, tsakiyarta maikuron 9 zuwa 10, kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Duk hasken da ya ratso mita 800 na iska dole ka tattara shi ka cusa a wannan ɗan ramin kafin ta san da zuwansa. Ko iska ta tsaya cak gilashi kuma ba shi da aibu, lissafi ya nuna kashi 81 cikin ɗari ne iyakar abin da zai shiga. Iska kuwa ba ta tsayawa. Sanyi ya fara ja baya, rana ta fara dukan kwano, in ka leƙa ta madubin hange da azahar za ka ga ginin can yana rawa cikin kawalwalniya. Iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa dunƙule dunƙule, kowane dunƙule yana lanƙwasa haske ta inda ya ga dama, tun 1941 Kolmogorov ya bayyana yadda irin wannan hargitsin yake, Tatarskii kuma ya ɗora lissafin haske a kai.

Ana auna ƙarfin hargitsin da lambar Cn². In ta kai 10 a kan ƙarfin 13 ƙasa da sifili, wanda shi ne na tsakar rana kusa da ƙasa mai zafi, ma'aunin Rytov na ƙiftawar haske a nisanmu yana ba da wajen 1.3, kuma duk abin da ya haura ɗaya an fita daga ƙaramin hargitsi. In ta ragu ninki goma kamar da yamma sai ya koma 0.13. Nisa kuma ba ya wasa, yana hawa ne da ƙarfin 11 bisa 6, in da kilomita ɗaya ne da ya kusa 2. Sai ɗaya lambar da ta fi ci min rai, faɗin da hasken yake zama a jere bai wargaje ba, wanda ake kira ma'aunin Fried. Da rana wajen santimita 2 ne, da yamma wajen 8 zuwa 9. Gilashinmu 10. Wato da azahar abin da yake shigowa ba haske ɗaya bane, gutsattsari ne kusan ashirin da biyar kowanne da inda ya dosa, ɗigon da ya kamata ya zauna a bakin fayiba sai ya fashe ya zama ɗige ɗige masu tsalle.

Ga inda abun yake da ban haushi. Babban gilashi yana rage ƙiftawar haske, don yana haɗa wuri mai haske da wuri mai duhu ya ba ka matsakaici, a nisanmu duk abin da ya wuce santimita 3 da rabi ya fara wannan aikin. Amma babban gilashin nan shi ne yake hana shiga fayiba siririya. Muka yanka kwali muka rage bakin zuwa santimita 5, hasken da ake tarawa ya ragu ninki huɗu amma abin da yake shiga fayibar da rana ya fi zama. Duk da haka kusurwar da fayibar take karɓa wajen maikuroradiyan 20 ce, rawar da iska take sa hasken kuma a lissafi wajen 25. Kun ga kenan rabin lokaci ɗigon yana gefen rami.

Safiya bayan fitowar rana da kuma gab da magariba su ne lokutan daɗi, zafin ƙasa da na iska sun daidaita, komai ya kwanta kamar a kan tebur.

9 ga Maris

Azumi ya kama, hawa rufi da azahar yanzu sai a hankali, don haka na sa fotodayod, wato abin da yake mai da haske lantarki, na haɗa shi da ƙaramin allo mai ɗaukar lamba dubbai a daƙiƙa yana zuba wa laftof, ni ina ƙasa a inuwa. Mitar hannu ba ta da amfani a nan, tana nuna matsakaici ne, ita kuwa nutsewar hasken 'yan milisakan take ɗauka ta dawo. Kar ku raina milisakan ɗaya, a gigabit bit miliyan ɗaya ne, fakiti wato ƙunshin saƙo wajen tamanin sun tafi, in ta ɗan daɗe suwic ya ce waya ta tsinke ya fara gaisawa daga farko.

Abin da na fi ɗokin gwadawa shi ne dabarar ƙosar da amfilifaya. A 2006 wasu masu bincike a Jami'ar Laval ta Kanada, ɓangaren Leslie Rusch, sun nuna cewa in ka tura EDFA har ta ƙoshi tana rage ƙiftawar da kanta. Yadda abun yake, in haske ya yi yawa yana kwashe ƙarfin erbiyom ɗin sai ninkin ya sauka, in ya yi ƙasa ƙarfin ya taru ninkin ya hau. Erbiyom yana riƙe ƙarfinsa wajen milisakan 10 in ba a taɓa shi ba, in ta ƙoshi kuwa tana juyawa cikin ƙasa da milisakan, wato tana da saurin da za ta bi rawar iska amma ta yi nauyin da ba za ta bi bit ɗaya ɗaya ba tunda su a nanosakan suke. Daidai abin da ake so. Wata irin amfilifaya ta daban da ake kira SOA ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, har bit ɗin take bi tana murɗe su, shi ya sa ban kula ta ba.

Muka jera biyu, ta farko ta ɗaga, filta, ta biyu ta ƙoshi. A hoton da laftof ya zana an ga aikin ƙarara, tsaunukan nan na sama duk an aske su, ƙananan ramuka sun cike. Amma manyan ramukan suna nan. In ɗigon ya bar bakin fayiba gaba ɗaya ba abin da ya shiga, ita kuma za ta ƙure ninki ta cika wurin da hayaniyarta, mita ta ce maka akwai haske, suwic ya ce ba saƙo. Lambar ƙarfi ta yi kyau amma fakiti suna zuba, don haka duk wanda ya nuna maka hoton ƙarfin haske ya miƙe ka tambaye shi na kurakuran bit.

Akwai kuma haɗari. Wani maƙwabci yana kiwon tattabaru, in ya sake su da yamma suna ratsa hanyar. Tsuntsu ya tare haske na ɗan lokaci, erbiyom ya cika maƙil, yana wucewa haske ya dawo sai ta amayar da duk abin da ta tara a lokaci ɗaya, irin wannan tsirin yana iya kashe mai karɓa. Mun bar mai rage ƙarfi a gaban SFP dindindin ko da zai ci mana 'yan dB. Tsarin riƙe ƙarfin fita da ke cikin akwatin ma na kashe shi na bar famfo a kan wuta tsayayya, don na'urar sarrafawarsa ba ta da sauri, tana zuwa ne bayan an gama.

6 ga Afrilu

Barkanmu da sallah. Zafi ya kankama, iska ta fi kowane lokaci hauka, kuma na samu damar kwatanta hanyoyin biyu a rana ɗaya. Gefe guda fayiba mai faɗi da SFP mai APD, wato mai karɓar haske da yake ninka sigina a cikinsa, wanda ya fi na farkon ji da wajen dB 8, ba amfilifaya a karɓa sam. Ɗaya gefen fayiba siririya da EDFA biyu da filta. Da asuba da dare na biyun ya yi masa fintinkau. Daga hantsi zuwa la'asar kuwa mai arahar ne yake riƙe hanya, mai tsadar yana ta yankewa. Malamina bai ji daɗin wannan ba, ya ce to Injiniya me za mu rubuta, na ce ranka ya daɗe abin da muka gani za mu rubuta, ai shi ma sakamako ne.

Ni a ganina ga mai son gigabit ɗaya tsakanin gini biyu, ya sa amfilifaya a turawa saboda hunturu, ya karɓa da fayiba mai faɗi, ya ajiye sauran kuɗinsa. EDFA a karɓa sai in za a haura gigabit 10 ko a jera launuka da yawa a hanya ɗaya, a nan kam ba makawa sai fayiba siririya, kuma kafin ka saye ta ka fara sayen abin da zai riƙe maka ɗigon. Manyan ma haka suka yi. Mutanen Taara masu tura intanet da hasken leza, da suka haɗa Brazzaville da Kinshasa ta saman kogin Kwango a 2021, kusan kilomita 5 a gigabit 20, ƙarfin na'urarsu yana wajen madubin da yake bin hasken yana gyara saiti ba tsayawa, a Maris na 2025 ma suka fita daga ƙarƙashin Alphabet, uwar kamfanin Google, suka zama kamfani mai zaman kansa. Mutanen jami'ar ETH Zurich ta Suwizalan da suka sanar a 2023 sun tura kusan terabit ɗaya nisan kilomita 53 daga Jungfraujoch zuwa Zimmerwald, sai da suka sa madubi mai lanƙwasa kansa a wurare 97 yana gyara fuskar hasken kafin ya shiga fayiba.

Mu ba mu da kuɗin wannan, kuma a santimita 5 ba ma buƙatarsa sosai, yawancin matsalar karkata ce kawai sama ƙasa hagu dama. Abin da ke gaba shi ne ƙaramin madubi mai juyawa da sauri, da fotodayod mai gida huɗu na InGaAs, irin wanda yake ganin 1550, da zai gaya masa inda ɗigon ya karkata, za mu tsaga kashi goma na hasken mu ba shi. Sai ya iya gyara sau ɗaruruwa a daƙiƙa kafin ya yi amfani. An yi odar fotodayod ɗin, madubin kuma abokina yana gwada haɗa shi da abin motsa gilashin tsohuwar na'urar DVD kafin a samu na gaske. Ina so a gama wannan kafin ruwan farko, don in damina ta sauka sai an sauko da akwatunan an sake musu rufi, ruwan sama mai ƙarfi kuma shi ma yana da nasa dB ɗin da zai ci wanda za mu auna daban.